Juya-mu-gani Mai Kayan Ciki

Teburin ƙarshe a layin mahauta, wanda ke dab da famfo, na Juya-mu-gani ne. Kayan ciki yake sayarwa: hanta, huhu, ƙoda, tumbi, hanji, duk abin da mahautan gaba suke ture wa gefe don su ji daɗin nuna cinya da ƙirji. Ya riga famfon zuwa wurin, ya riga rufin kwanon da ke kansu, kuma rabin mahautan layin a gabansa suka koyi riƙe wuƙa. Siriri ne, dogo, bayansa ya ɗan ranƙwafa saboda sunkuyo a kan baho, hannuwansa kullum a jiƙe.

Sunan nan ba da wasa ya same shi ba. Yana saurayi kawunsa ya aike shi mayanka ya sayo hantar sa. Mai sayarwa ya shimfiɗa masa ita a faranti, sumul, tana ƙyalli, ya ɗauko yana murna. Kawu ya karɓa, ya sa bakin wuƙa ya kifa ta. Ƙasan duk fararen ƙuraje ne, da aka tsaga kuwa tsutsa ta fito. Kawu bai zage shi ba, bai dake shi ba. Ya dai sa shi ya tsaya riƙe da hantar a hannu, duk wanda ya zo wucewa sai an nuna masa. Tun daga ranar ba a sake miƙa masa wani abu a duniya ya karɓa ta fuskar da aka nuna masa ba. "Juya mu gani," shi ne gaisuwarsa a mayanka, har ya zama sunansa, masu gajen haƙuri suka taƙaita shi zuwa Juya.

A sana'a wannan hali alheri ne, don ba a taɓa jin wani ya ci kayansa ya kwana da ciwon ciki ba. Matsalar ita ce bai san inda kasuwa ta ƙare ba. Tela ya ɗinka masa riga, sai ya juya ta ya bi zaren ciki. Mai gyaran rediyo ya ce ya sa sabon ƙarfe, sai an kwance an nuna masa tsohon. Ranar da saurayin babbar 'yarsa ya fara zuwa gaisuwa da fara'a da ladabi, Juya ya kwana yana tunanin abin da yaron ke ɓoyewa a ƙarƙashin wannan ladabin. Makwabcin teburinsa, Mai Kawuna, wanda ke sayar da kai da ƙafa kuma bakinsa ba ya hutawa, yakan ce ko wata aka ce ya fito, Juya sai ya nemi a nuna masa bayansa.

Mutum ɗaya ce bai taɓa bincika ba, ita ce matarsa. Mace ce mai yawan dariya, tana ɗinki a gida, kekenta a gindin taga. Yakan fita tun gari bai waye ba don ya tari yanka, ya dawo bayan faɗuwar rana, ya same ta a ƙarƙashin ƙwan lantarkin falo mai ja-ja-jan haske, abinci a rufe, ruwan wanka da ɗumi. Haka ya saba samunta, haka kuma ya ɗauka za ta kasance kullum. Yana kiran wannan yarda, amma akwai sakaci a ciki, irin na wanda ya daina duba abin da bai taɓa ba shi matsala ba.

Ciwon ya fara ne daga baya. Sunkuyon wankin hanji ya ci ƙugunsa, ya koyi sayen ƙwayar kashe zafin ciwo a shagon magani na bakin kasuwa, yana kora ta da baƙin shayi tun cikinsa ba komai. Bayan ya lafa, sai ciki ya ɗauka. Wani zafi ne a ƙasan ƙirji, kamar an ajiye garwashi, yakan tashi in yunwa ta kama shi, ya ɗan kwanta in ya ci wani abu, sannan ya dawo. Ga ƙwannafi, ga gyatsa mai tsami.

"Basir ne," in ji Mai Kawuna.

"Kai komai basir. Ranar da haƙorina ya yi ciwo ma basir ka ce."

"To ƙarya na yi? Ai hanya ɗaya ce, daga baki har ƙasa."

Juya bai yi dariya ba, don a safiyar nan ya ga abin da ya sa hantarsa ta kaɗa. Bayan gidansa ya fito baƙi ƙirin, mai danƙo. Ya san wannan launin. Ya sha tsaga hanjin dabba ya same shi, ya kuma san jini ne da ya zuba daga can sama, ya bi doguwar hanya har ya dafu ya yi baƙi. Bai gaya wa kowa ba. Bayan 'yan kwanaki yana cikin yanka huhu sai layin mahauta ya juya masa, ya farka a ƙasa, Mai Kawuna yana yayyafa masa ruwan famfo yana kiran sunansa na gaskiya, abin da ba a yi ba tun rasuwar kawu.

Babbar 'yarsa, wadda ke koyarwa a firamare har kowa a gida yake kiranta Malama, ita ta kai shi asibiti, uwarta na biye da kwandon kaya. Likitar mace ce, ba ta girmi Malama ba, wannan kaɗai ya isa ya sa Juya ya tsuke fuska. Ta tambaye shi ƙwayoyin da yake sha, ya faɗa rabi, matarsa ta cika sauran. Aka ƙara masa ruwa, aka ce za a zura masa wata siririyar roba mai fitila da kyamara ta baki a leƙa cikin. Ya ce ya yarda, da sharaɗin zai kalla da idonsa. Aka yi masa allura, barci ya kwashe shi, ya farka an gama. A wurinsa wannan shi ne kuskuren farko da suka yi.

Da ya dawo hayyacinsa likita ta zaunar da shi, ta juyo masa da wani zane na cikin mutum.

"Baba, na ji aikinka ke nan, don haka ba zan wahala ba. Abinci yana farawa daga baki, haƙori ya niƙa, yawu ya jiƙa. Ya gangara ta wannan bututun zuwa tumbi."

"Wanne daga ciki?"

"Ɗaya ne ai. Saniya ce mai ɗaki huɗu, mu ɗaya Allah ya ba mu."

Ya san haka, gwada ta yake yi. Ta ci gaba. Tumbi yana zubo wani ruwa mai tsami mai ƙarfi wanda ke narkar da abinci, kuma da ba don wata majina da ta lulluɓe bangonsa ba, da ruwan ya ci tumbin kansa. Daga nan abinci ya wuce ƙaramin hanji, inda ruwan maɗaciya da hanta ke yi yake saukowa ta wata 'yar hanya ya narkar da kitse, jiki ya tsotse abin da zai amfane shi. Saura ya shiga babban hanji, a shanye ruwansa, a fitar da shi.

"Kai abin da ya same ka, akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a bangon tumbi, mutane da yawa suna da ita. Ita da maganin ciwon bayan nan sun cinye majinar, ruwan tsamin ya samu nama ya ƙona. Gyambon ciki ke nan. Ya yi jini, amma ya tsaya. Ga shi nan."

Ta miƙa masa hoto. Wani rami ne ƙarami, fari a tsakiya, gefensa ja. Juya ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi.

"Juya mu gani."

Likita ta yi dariya, ta kifa takardar, bayanta fari fat. "Hoto ne, Baba. Na duba ko'ina, na kuma ɗebi ɗan nama an gwada. In ka sha magani yadda na ce, ba fashi, ka bar waccan ƙwayar, za ka warke sarai."

Kalmar sarai ta tsaya masa a rai. Da ita dillalai suke rufe ciniki.

Sun miƙe za su fita, matarsa ta matso bakin taga don ta ɗauki kwandon, sai likita ta tsaya da rubutu. Ta dube ta, ta sake dubanta.

"Mama, ɗan tsaya, ke da 'yarki. Baba, ka jira su a benci."

Aka rufe ƙofa. Juya ya zauna a waje yana kallon ƙofar, ya sha jinin jikinsa. Ya san wannan ma. In dabba ta fito da mugun abu a ciki, ba a gaban mai ita ake faɗa ba, gefe ake jan ɗan'uwansa. Sun daɗe. Da suka fito idon Malama ya yi ja, uwarta kuwa tana gyara ɗaurin kwando, ba ta ɗago kai ba.

"Me ta ce?"

"Yadda za a riƙa yi maka girki ne, Baba," in ji Malama.

"Girki ne ya sa ki kuka?"

"Warin asibiti ne, ka san ba na son sa."

Daga ranar Juya ya yanke wa kansa hukunci: mugun tsiro ne a cikinsa, mutuwa zai yi, kuma an haɗa baki an kifa masa hantar ta gefen mai kyau. Abin da ya fi ci masa rai ba mutuwar ba ce. A ce shi, shi da ba a taɓa sayar wa ruɓaɓɓen abu ba tun yana saurayi, a zo ƙarshen rayuwarsa a yi masa rufa-rufa a cikin gidansa. Ya ƙudura sai ya kama su.

Shaidu kuwa suka yi ta zuwa da ƙafarsu. Abincin gidan ya canza, ba mai, ba yaji, ba suya, dafaffen dankali da shinkafa mai ruwa-ruwa. Matarsa ma shi take ci, cokali kaɗan ta ture kwano. Ya ce a ransa tausayi ne ya hana ta ci. Ta rame, zanenta ya fara zagaye ta fiye da da, ya ce damuwar takaba ce tun kafin lokaci. Ya dawo wata rana ya ga an lulluɓe keken ɗinki, an mayar wa mutane yadinsu ba a taɓa ba, ya ce tana share hannu ne don jinyarsa. Malama da take zuwa ƙarshen mako ta koma zuwa kusan kullum, kuma da ya yi sallama sai magana ta mutu a kicin. Matarsa ta daina haɗa ido da shi. In tana miƙa masa ruwa sai ta dubi kofin, in yana magana sai ta dubi ƙasa, kuma takan zauna can nesa da ƙwan lantarki tana susar hannu.

"Me ya same ki kike ta susa?"

"Sabon sabulun nan ne bai karɓe ni ba."

Ya bar zancen, don ba shi yake farauta ba. Wata rana kuma ya ga auduga manne a lanƙwasar hannunta, jikinta na warin asibiti, alhali ta ce masa kasuwa ta je. Ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo. Ashe har an kai ga tara masa jini.

Sai batun magani. Ƙwayoyi ne kala-kala, safe da yamma, matarsa ce ke ɓare su ta zuba masa a tafin hannu, ta tsaya da kofin ruwa. Juya ya san irin wannan maganin, ko yana ganin ya sani. Ya sha ganin dillali ya yi wa sa mara lafiya allura da asuba don ya miƙe ya yi kuzari har a sayar da shi, kafin yamma ya zube. Ya ce ba za a tsayar da shi ranar kasuwa ba. Yana son ya ji gaskiya daga cikinsa, ba tare da an rufe mata baki ba. Sai ya koyi maƙale ƙwayoyin a ƙarƙashin harshe, ya kurɓi ruwa, ya yi godiya, in ya fita ya tofa su a hannu ya jefa a wani ɗan gwangwani da yake ajiye reza a aljihu.

Ciwo kuwa bai san da wannan dabara ba, ya ci gaba da cinsa. Nan ne wautar mai wayo take ba da haushi. Mutum ya ƙi shan magani, ciwo ya ƙi tafiya, sai ya riƙe ciwon a matsayin hujja cewa maganin ƙarya ne. Duk lokacin da garwashin ya tashi a ƙirjinsa, Juya yakan gyaɗa kai kamar an ba shi gaskiya a gaban alƙali.

Ya fara sallama da duniya a ɓoye. Ya wasa wuƙaƙensa duka, ya zaɓi wadda ya gada daga kawu ya miƙa wa Mai Kawuna.

"Riƙe wannan."

"Ta me? Aro?"

"Riƙe dai."

Mai Kawuna ya juya wuƙar a hannu, fuskarsa ba wasa a karon farko. "Juya, likita ta ce gyambo ne. Ƙanina ya yi shi, ga shi can yana cin barkono kamar ba gobe."

"Kai ma sun gaya maka abin da za ka ce ke nan."

"Su wa? Wallahi kai ko mahaifiyarka ce ta dawo ta ce ita ta haife ka, sai ka nemi shaida." Ya ajiye wuƙar a kan teburin Juya. "Ɗauki abarka. Ni ba na gadon mai rai."

Ranar komawa asibiti ta zo. Likita ta danna masa ciki, ya yi tsalle. Ta ɗaure fuska.

"Baba, kana shan maganin?"

"Ba fashi. Tambayi uwar yaran, a hannunta nake sha."

Matarsa ta gyaɗa kai. Likita ta juya biro a hannu, ta ce wani lokaci ƙwayar cutar takan yi taurin kai, za a canza magani a sake wani zagaye. Sannan ta dubi matarsa, ba shi ba, ta ce, "Mama, ni dai na faɗa miki abin da na faɗa miki." Malama ta juya baya tana kallon bango. Uwarta ta ce a hankali, "To, sai mu ƙara jira." Juya ya tattara duk wannan ya ajiye. Ya ga yadda likita ta kasa kallonsa, ya ga kafaɗun 'yarsa suna rawa, bai ga komai ba sai kansa.

Ya bari aka kwana biyu. Wata rana gab da azahar ya sayar da ragowar kayansa ga mai gidan abinci, ya wanke tebur, ya ce wa Mai Kawuna zai je ya dawo. Rabonsa da ganin gidansa da rana tsaka har ya manta. Ya san Malama takan biyo in an tashi makaranta. Bai bi ta ƙofar gaba ba, ya zagaya ta lungun da ake zubar da shara, ya cire takalmi, ya laɓe a jikin bangon barandar baya inda ake shanya. Dattijo da furfura, laɓe a gidansa kamar ɓarawon kaji, amma ko kunya bai ji ba. Muryar Malama ya fara ji.

"Mama, likita ta ce ba a jira da irin wannan. Hanyar ƙara toshewa take yi. Gadon da ta samar tun wancan lokaci an ba wani."

"Na ji."

"Kullum kin ji. Ki bari in gaya masa."

Juya ya ƙara manna kunne a bango. Ga shi nan, ya kama su. Wani ɗaci da wani daɗi suka haɗu a bakinsa.

"Ki gaya masa ya yi yaya? Kin san babanki. Abin da bai kai ya kawo ba ma hana shi barci yake, balle wannan. Gyambon ya sake ɓallewa da jini, mu zama biyu a kwance? Kuma in na tafi wa zai tsaya a kansa ya sha magani? Ke kina makaranta. Bari ya warke tukuna, ni ina iya jurewa."

Juya ya tsaya da takalmi a hannu. Maganar ta shiga kunnensa amma ta ƙi zama inda ya tanadar mata. Ya fito daga bayan bangon.

Tana zaune a kan 'yar kujera cikin rana, ta naɗe hannun riga, Malama tana shafa mata mai a damtse. Fatar duk sawun farce ne, wani ya bushe, wani sabo. Da ta gan shi ta yi saurin sauke hannun rigar, ta sunkuyar da kai yadda ta saba a kwanakin nan.

"Maigida, lafiya da rana haka?"

Ya ajiye takalmin, ya durƙusa a gabanta, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Juyo in gani."

"Me za ka gani? Tashi, ƙasa da datti."

"Juyo."

Ya sa hannu a haɓarta ya ɗago fuskar zuwa hasken rana, ya ja fatar idonta ƙasa da babban yatsa, yadda ya yi wa dabbobi ba adadi a bakin mayanka. Farin idon ya zama rawaya, rawaya mai duhu. Ya duba ɗayan. Ya juya tafin hannunta. A ƙarƙashin ƙwan falo wannan launin ba ya nunawa, kuma shi a can kaɗai yake ganinta.

Ba ya bukatar likita ta fassara masa. Ya sha buɗe dabba ya tarar kitsenta ya rine haka, maɗaciya ta kumbura tam, 'yar hanyar da ruwanta ke bi zuwa hanji ta toshe, ruwan ya rasa mafita ya koma cikin jini. Susar, ramar, ƙin mai, duk ya gan su da idonsa ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe su ya jingina wa kansa.

"Tsakuwa ce ko tsiro?" ya tambaya.

Malama ce ta amsa. "Hoton bai nuna sosai ba, Baba. Sai an shiga. Tun ranar da aka bar ka a benci likita ta so ta kwantar da ita. Ta ce sai ka gama maganinka. Da aka ce za ka sake wani zagaye, ta ce sai ka gama shi ma."

Juya ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ji nauyin gwangwanin a aljihunsa. Yana iya yin shiru, ba wanda zai taɓa sani, ya kuma yi tunanin hakan, don shi ma ɗan Adam ne. Sai ya ciro shi, ya buɗe murfin, ya ajiye a kan cinyarta. Ƙwayoyin sun cika shi, fari da ja da ruwan hoda, wasu sun narke sun manne da juna.

Malama ta toshe baki da hannu. Uwarta ta daɗe tana kallon gwangwanin, ta sa yatsa ta motsa su. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi.

"Ashe duk tsayuwar da nake yi a kanka, ruwa kaɗai kake sha."

"Na zaci ni ne. Na zaci kuna ɓoye mini."

"Muna ɓoye maka mana," ta ce. "Ka dai duba inda ba nan ba ne."

Kunya da tsoro suka rufe shi, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya ce wa Malama ta kawo sabon maganin da ruwa. Ta kawo, ya watsa a baki, ya haɗiye, ya miƙa kofin.

"Buɗe," in ji matarsa. Ya buɗe baki. "Ɗaga harshen mu gani."

Ya ɗaga. Ta leƙa sosai, ba da wasa ba, sannan ta ce wa Malama ta ɗauko mata jakar da ta haɗa tuntuni ta tura ƙarƙashin gado.

Kafin la'asar suna asibiti. Aka shiga da ita ciki, aka bar shi a kan bencin nan dai, jakar a kan gwiwarsa. Wannan karon da ƙofa ta buɗe, shi likita ta kira. Ya shiga, ya ajiye gwangwanin a kan teburinta, ya faɗa mata abin da ya yi ba tare da ya rage komai ba. Ta dubi ƙwayoyin, ta dube shi. Ta jawo hoton cikin matarsa ta nuna masa inda hanyar ta toshe, ta ce za a fara buɗe ta ruwan ya samu wucewa, daga nan a san abin da ke wurin. Juya bai taɓa hoton ba.

"Likita, tambaya ɗaya. Kada ki lallashe ni."

"Ina ji, Baba."

"Da ta kwanta tun ranar farko, da ya fi?"

Likita ta ajiye biron. "Da ya fi, Baba. Amma yanzu ma za mu yi iya ƙoƙarinmu."

Ya gyaɗa kai. Bai nemi shaida ba, bai dubi fuskar Malama don ya ga ko an haɗa baki ba. Ya ɗauki jakar, ya tambayi inda ɗakin mata yake, ya bi ma'aikaciyar jinya a baya. Gadon da aka ba ta yana can ciki kusa da bango, ya roƙa a mayar da ita na bakin taga, inda zai riƙa ganin idonta da rana.